Ofis Daga Kan Bencin Masinja



Duk sa'ad da aka tayar da zancen ofis a ƙasar nan, sama ake kallo. Wa aka naɗa Babban Sakatare, wane Darakta aka ɗauke daga ina aka kai ina, wa Kwamishina yake ji da shi, wa kuma ya juya wa baya. Yau ku ba ni aron kunnuwanku mu sauko ƙasa, mu zauna a kan bencin nan na katako da ke bakin ƙofar kowane babban ofis, inda masinja yake zama. Daga nan ake ganin ofis yadda yake. Abin da nake so in tsaya a kai shi ne, masinja da akawun rajista da mai shara da direba da maigadi su ne suke ɗauke da aikin gwamnati na yau da gobe, kuma irin riƙon da muke yi musu yana da hannu dumu-dumu a cikin dalilin da ya sa takardarka take yin wata uku a kan teburi ɗaya.

A hukumance ƙarfe takwas ake fara aiki. Amma je ka kowace sakatariya da ƙarfe bakwai, ta Audu Bako ce a Kano ko ta Tarayya a Abuja, za ka tarar wasu sun riga sun yi gumi. Mata masu shara sun kai rabin baranda, maigadin dare yana naɗe tabarmarsa, masinja ya karɓo makullai ya buɗe tagogi yana kakkaɓe ƙurar da ta kwana a kan tebura. Shi ne zai fara sanin ko akwai wuta, ko akwai mai a janareta, ko famfon banɗaki ya kawo ruwa. Kafin mai ofishin ya iso an share, an goge, an cika buta, an jera fayilolin jiya a inda hannunsa zai kai. Shi ya sa da yawan manya ba su taɓa ganin ofishinsu da datti ba, har suna ɗauka haka yake kwana.

To, bari mu ɗauki fayil guda mu bi shi, domin a aikin gwamnati abin da ba ya cikin fayil bai faru ba.

Ka rubuto takardar neman haƙƙinka, a ce ƙarin girma ne ko kuɗin sallama. Wurin farko da za ta sauka shi ne rajista. Akawu zai buga mata hatimin karɓa da kwanan wata, ya shigar da ita a littafi, sannan ya tashi neman fayil ɗinka a cikin ɗaruruwan da ke jibge a kan kanta. Idan ya samo, sai ya huda takardar a kusurwar hagu, ya zura ta a igiyar nan mai ƙarfe a baki biyu, ya sa mata lambar shafi da ke bin ta baya. A bangon fayil ɗin akwai layuka inda ake rubuta wanda za a kai wa da ranar da aka tura. Daga nan sai ƙafar masinja. Shi zai kai wa jami'i na farko, wanda zai yi bayani a rubuce ya tura wa na sama da shi, shi ma ya ƙara nasa ya tura gaba, har a kai ga mai ikon cewa an amince. Sannan fayil ya sake gangarowa ta matakalar da ya hau, ya biya ta sashen kuɗi a yi bauca, ya biya ta wurin odita ya duba. Duk tsayawar da ya yi, wani ne ya ɗauke shi a hammata ya kai, ya sa aka sa hannu a littafin shige da fice, ya kuma riƙe a ransa inda ya ajiye shi. Ma'aikatu suna da rajista biyu, ta fili da ta sirri, kuma har fayil ɗin sirrin da aka rufe a ambulan, hannun masinja ne yake ɗauka.

Ku lura da wannan. Darakta yana iya shekara biyu a kujera a ɗauke shi. Kwamishina yana tafiya da gwamnatin da ta kawo shi. Akawun rajista kuwa da masinja sukan yi shekara ashirin, talatin, a baranda ɗaya. Su suka san cewa fayil ɗin wane ya cika an buɗe masa kundi na biyu, su suka san wanda ruwan sama ya jiƙa a shekarar da rufi ya yaye, su suka san jami'in da ke da ɗabi'ar kulle fayil a durowa ya tafi hutu. Ba a rubuta wannan ilimi a ko'ina ba. A kawunansu yake, kuma ranar da suka yi ritaya da shi suke tafiya.

Na taɓa zama a wata rajista ina jiran wata takarda, sai ga wata baiwar Allah ta shigo da goyo, ta zo bin haƙƙin mijinta da ya rasu yana bakin aiki. A jakar leda ta ƙunso takardunsa: ta kama aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma ta ƙarshe, da shaidar rasuwa daga asibiti, duk sun yi laushi saboda yawan buɗewa da ninkewa. Matashin jami'in da ke kan teburi ya duba kanta sama-sama ya ce, "Hajiya, ba a ga fayil ɗin ba, sai dai ki dawo wani makon." Ta ce, "Yallaɓai, daga ƙauye nake zuwa, kuɗin motar ma rance na yi." Sai wani dattijon masinja da ke zaune a bakin ƙofa ya miƙe ya ce, "'Yata, wane ne mijin naki?" Ta faɗi sunan. Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, a sashen sito ya yi aiki. Malam, ai fayil ɗinsa yana kabad ɗin tsohon mataimakin Darakta, ni na kai masa kafin a yi masa canji." Ya nemo makulli, ya haura bene, bai fi minti goma ba ya sauko da shi yana busa ƙurar da ke bangon. Matar nan ta durƙusa tana godiya, ya ce, "Tashi, tashi, ai aikina ne." Wannan dattijo ba shi da teburi a ginin, ba shi da kujera mai sunansa, kuma ba na jin an taɓa tambayar ra'ayinsa a wani taro kan yadda za a gyara rajistar.

Da can ba haka matsayin waɗannan mutane yake ba. A zamanin Turawa masinjan Di'o babban mutum ne. Shi ne bakin Bature a gaban Hakimi, shi ne kunnensa a kasuwa, in an fita rangadi shi ke gaba, har Dagatai suna neman shiri da shi. Wasu sun yi amfani da wannan dama sun zalunci talakawa, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, amma ba wanda ya raina kujerar. Akawu kuwa sai wanda ya yi boko, kuma a farkon lamari yawancin akawunan gwamnati a Arewa daga Kudu aka kawo su, wasu ma daga ƙasashen maƙwabta na bakin teku. Don a cike wannan giɓi ne aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya a 1947, wadda ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Kongo, daga baya ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Gwamnatin Sardauna ta ɗauki horar da 'yan Arewa aikin ofis a matsayin babbar manufa. Wato akwai lokacin da aka yarda cewa jera takarda da adana ta da buga ta a tafireta sana'a ce da ake koya, ake jarrabawa a kai, ake alfahari da ita.

Tsarin matakan albashi da muke amfani da shi yau, daga mataki na 1 zuwa na 17, ya samo asali ne daga rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974, wanda tsofaffi ke tunawa da shi saboda ariyas ɗin da aka biya har kasuwa ta rikice da sayen rediyo da babur. A wannan tsari, daga mataki na 1 zuwa na 6 su ne ƙananan ma'aikata. Mai digiri yana shigowa ne a mataki na 8. Ma'ana, yaron da ya gama hidimar ƙasa bara ya shigo a saman mutumin da ya yi shekara talatin yana aiki a wurin. Ban ce kada a girmama karatu ba. Amma tsani ne da aka yi shi yadda na ƙasa ba ya iya haurawa sai ya koma makaranta ya kawo takarda, alhali albashinsa ba ya isar sa ciyar da gida, balle kuɗin makaranta.

Shekara guda bayan Udoji, a 1975, gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, da yawa a rediyo suka ji sunansu. An yi haka ne da niyyar tsabtace aiki, kuma jama'a sun yi murna a lokacin. Sai dai tsofaffin ma'aikata da yawa suna cewa daga ranar ne ma'aikaci ya daina ganin aikin gwamnati a matsayin inuwar da zai tsufa a cikinta, ya fara tunanin abin da zai tanada wa kansa tun kafin a kore shi. Sannan aka zo gyare-gyaren zamanin Obasanjo. Daga 2003 aka mayar da gida da mota da direba da masu hidimar gidan manyan ma'aikatan tarayya kuɗi, aka zuba musu a albashi. A 'yan shekarun da suka biyo baya aka sallami dubban ƙananan ma'aikata, aka ce shara da gadi da aike da kula da furanni a ba kamfanoni kwangila. Hujjar ita ce rage kashe kuɗi.

Me ya biyo baya? Aikin bai gushe ba, domin ƙura ba ta daina sauka ba, fayil kuma bai koyi tafiya da kansa ba. Mutanen ne aka cire daga jerin ma'aikata aka mayar da su 'yan kwangila da 'yan wucin gadi. Mai sharar da a da take da lambar aiki da hutun shekara da fansho, yau ta zama ma'aikaciyar wani ɗan kwangila da yake karɓar kuɗi da sunanta ya ba ta abin da ya ga dama, in gwamnati ta yi jinkirin biyan sa ita ma ta yi wata da watanni ba ko sisi. A jihohi da ƙananan hukumomi da asibitoci da makarantu za ka samu wanda ya shekara goma ana ce masa ɗan wucin gadi. Wane irin wucin gadi ne yake kai shekara goma? Dokar Ƙwadago ta ƙasar nan ta ce kada a wuce wata uku da ɗaukar mutum ba a ba shi sharuɗɗan aikinsa a rubuce ba. Ku tambayi masu sharar ofishinku ko akwai wadda ta taɓa riƙe irin wannan takarda.

Mu zo batun kuɗi, don a nan magana take. Mafi ƙarancin albashi ya kasance naira 125 a 1981, ya zama 18,000 a 2011, ya koma 30,000 a 2019, sannan 70,000 a watan Yulin 2024. A kunne adadin yana hawa. Amma raba 70,000 ɗin nan gida 22, wato kwanakin aiki a wata, za ka ga abin da ya zo wa yini bai kai naira 3,200 ba. A ciki zai hau adaidaita sahu zuwa da dawowa, kuma ƙaramin ma'aikaci ba ya zama kusa da sakatariya, a bayan gari yake inda haya ke da sauƙi, sau da yawa sai ya hau abin hawa biyu. A ciki zai bar kuɗin cefane, a ciki kuɗin makaranta da magani da haya. Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wannan lissafi kuma na wanda ake biya cikakken mafi ƙarancin albashin ne. Ɗan wucin gadi da ɗan kwangila galibi ko kusa da shi ba sa samu, dokar ma ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba.

Da tsadar sufuri ta yi tsanani a 2023, jihohin Edo da Kwara sun rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako. Kaduna tun Disambar 2021 ta koma kwana huɗu. An ce sauran ranakun a yi aiki daga gida. To, wa yake iya aiki daga gida? Mai kwamfuta da intanet. Maigadi ba ya gadi daga gida, direba ba ya tuƙi daga gida, mai sharar asibiti dole ta fito. Ko sauƙi aka tashi yi, sai ka ga ya fi sauka a kan wanda ya fi ƙarfi.

Amma akwai abin da ya fi rashin kuɗi ciwo, kuma shi ba ya bukatar kasafi kafin a gyara shi. Ina nufin wulaƙanci. Gwamnati ta ɗauki masinja don ya kai takarda, sai ya wayi gari shi ne mai ɗauko yara daga makaranta, shi ne mai kai niƙa, shi ne mai bin layin gas, ranar Asabar a kira shi gida ya wanke mota ko ya kama ragon suna. Direban ofis ya kai Hajiya gidan biki ya zauna a mota har sha ɗayan dare, ba a tambaye shi ko ya ci abinci ba, washegari ya makara da minti ashirin a ba shi takardar tuhuma. Babban da aka riga aka zuba wa kuɗin masu hidima a albashinsa, shi ne kuma yake mayar da ma'aikacin gwamnati yaron gidansa. Duk sa'ar da masinja ya ɓata a layin niƙa, akwai fayil ɗin wani bawan Allah da ya kwana bai motsa ba.

Ga kuma yadda ake kira. A gidajenmu, yaro ba ya kama sunan sa'an mahaifinsa gatsal. Baba zai ce, ko Kawu, ko Malam. Amma da zarar an shiga ofis sai ka ji ɗan shekara ashirin da bakwai yana ƙwala wa mai furfura kira da sunansa tun daga ƙarshen baranda, ko ya danna ƙararrawa, dattijo ya taso da sauri yana cewa, "Ranka ya daɗe." Abin da ke ba ni takaici shi ne, da azahar waɗannan mutum biyu za su tsaya a sahu ɗaya kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci ma masinjan ne liman, domin ya fi kowa karatu a ginin. A sallame, a sa takalma, a koma ana yi masa tsawa. Tarbiyyar da muka taso da ita ba ta ce a ajiye ta a bakin ƙofar sakatariya ba.

Mata a cikinsu nauyinsu biyu ne. Mai shara ko mai buga takardu da ba ta da takardar tabbatarwa a aiki, in wani babba ya sa ta a gaba da maganar banza, wa za ta kai wa ƙara? Wanda za ta kai wa ƙarar abokin shan shayinsa ne, ita kuma da baki ɗaya ake cewa kada ta dawo gobe. Da yawansu zawarawa ne masu riƙe da marayu, sai su haɗiye su yi shiru. Wannan shirun ba yarda ba ce, rashin mafita ne, kuma alhakinsa yana wuyan duk shugaban da ya sani ya kau da kai.

Yanzu na san akwai mai saurare da ke cewa, Malam, kana ta yabon mutanen nan, ai su ne masu ɓoye fayil sai an ba su na goro. Gaskiya ne, akwai masu yi. Akwai akawun da zai tura fayil ƙarƙashin kanta da gangan, ya bar tsoho ɗan fansho yana safa da marwa har sai ya fahimci abin da ake nufi. Akwai masinjan da ya mayar da ƙofar Oga shingen karɓar kuɗi, akwai mai kwasar sirrin fayil ya kai wa wanda ake bincike. Wannan zalunci ne, haramun ne, talauci kuma ba ya halatta shi, domin wanda ake tatsa ɗin sau da yawa ya fi mai tatsar talauci. Ba na nema musu uzuri.

Sai dai in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin nan shi yake ɗaukar baucar kwangila daga teburi zuwa teburi, ya san adadin da aka rubuta, ya kuma san aikin da aka yi da wanda ba a yi ba. Shi yake kai takardar alawus ɗin tafiyar da ba a yi ba, da ta taron bitar da aka raba kuɗinsa a ofis. Yana gani ana ɗaukar 'ya'yan manya aiki ba talla ba jarrabawa, nasa ɗan mai difloma yana gida shekara biyar. Wanda kullum yake kallon wannan, sannan a tsaya a gabansa ana yi masa wa'azin riƙon amana, wane tasiri wa'azin zai yi? Na goron bakin ƙofa a ɗakin ciki aka koye shi. Abin mamaki ma shi ne yawan waɗanda suka ga duk wannan suka kame hannunsu, suka yi ritaya ba su da ko fili, kuma suna da yawa fiye da yadda ake zato.

Wani abin da ake gani daga kan bencin nan, wanda ba ya cikin kowane kundin dokokin aiki, shi ne yadda ƙananan ma'aikata suke riƙe junansu. Adashen ƙarshen wata, wanda galibi wata dattijuwa mai buga takardu ce uwarsa. Takardar gudummawa da ke zagayawa in an yi wa wani haihuwa ko rasuwa, kowa ya rubuta sunansa da abin da ya sawwaƙa. Mai abincin bakin ƙofa da ke ba da bashi a littafi har a yi albashi. Direban da zai rage wa masu shara hanya in Oga ba ya ciki. Sau da yawa in ka duba takardar gudummawar nan za ka ga na mataki na 4 ya ba da abin da, in aka auna da albashinsa, ya ninka na mai mataki na 14. Wannan zumunci shi ne inshorar da suke da ita, kuma shi ne yake sa mutum ya iya fitowa aiki a ranar 25 ga wata aljihunsa babu komai.

To, ga sauyi yana tafe. Tun 2007 gwamnatin tarayya ta fara biyan albashi ta tsarin kwamfuta na IPPIS, kuma Didi Esther Walson-Jack, a matsayinta na Shugabar Ma'aikatan Tarayya, ta sa wa ma'aikatu wa'adin ƙarshen 2025 su bar aiki da takarda su koma na'ura. Jihohi ma za su bi, ko ba jima ko ba daɗe. Ina goyon bayan wannan ɗari bisa ɗari. Fayil ɗin da ke cikin kwamfuta ba a kulle shi a durowa, gara ba ta cin sa, kuma ana iya ganin teburin da ya tsaya a kai da kwanakin da ya yi. Matar da ta zo daga ƙauye da kuɗin rance ita ce za ta fi kowa cin moriya.

Tsorona shi ne a maimaita abin da aka yi a baya, a ce tunda babu fayil ɗin ɗauka, babu bukatar masu ɗaukarsa, a sallame su a kawo kamfani. Wa zai zauna ya tantance takardun shekara arba'in kafin a ɗauki hotonsu a zuba a na'ura? Wa ya san cewa mutum biyu masu suna ɗaya aka cakuɗa takardunsu a fayil guda? Ɗan kwangilar da aka ba wata shida ya gama ya tafi ba zai sani ba, ba kuma zai damu ba. In aka zuba rikitaccen fayil a kwamfuta, rikicin ne zai dawwama, ranar ritayarka a ce na'ura ta nuna ba ka taɓa samun ƙarin girma ba. Mutanen rajista su ya kamata a fara horarwa, su jagoranci aikin. Wanda yake tura kuɗi ta waya, yake karanta saƙo a WhatsApp, zai iya koyon ɗaukar hoton takarda da sa mata lamba. Matasa a cikinsu kuwa a buɗe musu hanyar ƙaro karatu da albashinsu, a sauya musu layin aiki in sun kawo takarda, kamar yadda dokokin aiki suka tanada.

Ƙungiyoyin ƙwadago ma da sauran aiki a gabansu. A Kano ne gwamnatin Abubakar Rimi ta fara ba da hutun Ranar Ma'aikata a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta mayar da shi na ƙasa baki ɗaya a 1981. Kowace shekara ana fareti ranar 1 ga Mayu, ana sa anko, ana jawabai. Amma ɗan wucin gadi ba ya cikin ƙungiya, ba a cire masa kuɗin ƙungiya, don haka ba mai magana da yawunsa a teburin sulhu. Ƙungiyar da ba ta san adadin 'yan wucin gadin da ke ma'aikatarta ba, ba ta gama sanin ma'aikatan da take wakilta ba.

Kirana na farko ga Gwamnoni da Shugabannin Ma'aikata ne: a ƙirga 'yan wucin gadi, wanda ya daɗe yana aikin da ake bukata kullum a tabbatar da shi, a ba shi lamba da fansho. Inda aka ba kamfani kwangilar shara ko gadi, a rubuta a yarjejeniya abin da zai shiga hannun ma'aikaci, a kuma bi a gani ko ya shiga.

Na biyu gare ka ne, Yallaɓai, da ke Hajiya, masu ofis da labule da na'urar sanyaya ɗaki, wataƙila ma a mota kuke saurarena direba yana ja. Naku ba ya jiran amincewar kowa. Gobe in kun shiga, ku tambayi masinjanku matakinsa, da shekarar da aka yi masa ƙarin girma na ƙarshe, domin ƙa'ida ta ce na ƙasa da mataki na 7 duk bayan shekara biyu ya cancanci a duba shi. Ku tambayi mai shara yaushe rabonta da albashi, kuma nawa ne. In za a yi taro kan jinkirin fayiloli, ku kira akawun rajista ya zauna a kujera ya faɗi abin da ya sani. Aiken gida kuma ku nemi wanda za ku biya daga aljihunku ya yi muku. Wanda ya girme ku, ku kira shi Baba.